Ɗan Gida Ko Baƙo: Da Wane Mudu Muke Auna Wanda Za A Bai Wa Aiki?



Tun ranar 7 ga Janairu, 2025, da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ta sanar da Eric Chelle a matsayin sabon kocin Super Eagles, gardama ta ƙi ƙarewa a majalisun matasanmu. Daga gidajen kallo na Talata Mafara zuwa teburan masu shayi a Bakura da Maradun, maganar ɗaya ce. Wani ya ce an yi daidai, wani ya ce an raina mu. Za ka ji wani yana cewa, "Wanga ɗan Mali mi ya sani wanda namu ba su sani ba?" Na gefensa ya amsa, "Namu da anka ba, mi sunka yi?"

Na san akwai mai cewa, Malam, ina ruwan liman da ƙwallo? Ba hukuncin kallo na zo yi ba, wannan mun sha yin sa: kada ya ci maka sallah, kada caca ta shiga ciki. Abin da ya ja hankalina shi ne tambayar da ke ƙarƙashin gardamar, domin tsohuwar tambaya ce da malaman fiƙihu suka yi wa babi guda a littattafansu. Idan aiki na jama'a ne, wa ya cancanci a ba shi? Kuma kai da kake gefe kana kallo, me ya halatta ka faɗa a kan wanda aka ba?

Bari mu fara jera abin da ya faru, don wanda ba ya bibiya.

A ranar 11 ga Fabrairu, 2024, Najeriya ta sha kashi 2 da 1 a hannun Kwaddibuwa a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan. Kocinmu a lokacin, Jose Peseiro, ɗan Fotugal ne, kwantiraginsa ya ƙare ya tafi. A ƙarshen Afrilu aka ɗora mataimakinsa, Finidi George, ɗan gida, wanda ya ci kofin Afirka na 1994 yana ɗan wasa, ya kuma ci gasar ƙasa da Enyimba a 2023 yana koci. A watan Yuni ya yi kunnen doki da Afirka ta Kudu a Uyo, sannan Jamhuriyar Benin ta doke mu 2 da 1. Hukuma ta ce za ta ɗauko baƙo ta ɗora a samansa, shi kuwa ya ajiye aikin. A ƙarshen Agusta aka sanar da Bajamushe Bruno Labbadia, kwana kaɗan bayan haka aka ce maganar ta rushe saboda batun haraji. Augustine Eguavoen ya riƙe na wucin gadi har ya kai mu gasar Afirka ta 2025. Sai ga Chelle a Janairun 2025.

Shekara guda, sunaye biyar.

Masu gardama sun kasu gida biyu. Gida na farko sun ce sai ɗan gida, shi ya san mu, shi ke jin zafin ƙasa. Gida na biyu sun ce sai Bature, shi ya san aiki, shi 'yan wasa ke jin tsoro. Chelle ya rikita lissafin kowa, don shi ba namu ba ne, kuma ba irin Baturen da ake jira ba ne. Shi ya sa za ka ga mutum biyu da suka kwana shekara suna musu yau sun haɗu a kan ƙinsa, kowa da dalilinsa.

Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya daga gidajen ba. Kofin Afirka uku Najeriya ta ci. Na 1980 da Otto Gloria ɗan Birazil, na 1994 da Clemens Westerhof ɗan Holan, na 2013 da Stephen Keshi ɗan gida. Kwaddibuwar da ta doke mu a 2024, tsakiyar gasa ta sallami Bafaranshe Jean-Louis Gasset ta ɗora mataimakinsa Emerse Fae, ɗan ƙasarta, shi ya ɗauki kofin. Benin ɗin da ta kunyata Finidi kuwa, kocinta Gernot Rohr ne, Baturen da mu da kanmu muka sallama a ƙarshen 2021 muna cewa ba ya iyawa. Duk wanda ya ɗauko misali ɗaya ya ce ga hujjata, akwai wani misalin da ke jiransa a gaba.

To idan fata da fasfo ba su ne ma'auni ba, mene ne?

Alƙur'ani ya ba mu shi cikin labarin Annabi Musa (AS) a Madyana, a Suratul Ƙasas aya ta 26. Musa baƙo ne a garin, ba a san danginsa ba, ya zo a guje. Ɗaya daga 'ya'yan dattijon nan ta ba mahaifinta shawara ya ɗauke shi aiki, ta kuma kafa shawararta a kan siffa biyu da ta gani da idonta: yana da ƙarfi, yana da amana. Ba ta kawo zancen asalinsa ba. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan hijira, ya gina farkon littafinsa As-Siyasatush Shar'iyya a kan waɗannan rukunai biyu, ya kuma yi bayanin da mutane ke yawan tsallakewa: ƙarfi ba abu ɗaya ba ne, kowane aiki da irin ƙarfinsa. Ƙarfin jagoran yaƙi jarumta ce da sanin dabara. Ƙarfin alƙali sanin hukunci ne da iya zartar da shi. Saboda haka mutum zai iya zama zaki a wani fage, a wani fagen kuma ya zama rago.

Nan ne masu cewa "ai ya buga wa ƙasa wasa, a ba shi koci" suke tuntuɓe. Iya buga ƙwallo ƙarfi ne, iya tara mutum ashirin da ɗoriya masu kuɗi da girman kai su bi tsari ɗaya wani ƙarfin ne daban. Haka muke yi a masallatai, ku yi mini haƙuri in faɗa. Mai daɗin ƙira'a sai mu ce shi ne zai iya riƙe makaranta, alhali riƙon makaranta lissafi ne da haƙuri da iya zama da malamai. Abu Zarri (RA) ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi shugabancin wani yanki, aka hana shi, aka gaya masa yana da rauni a wannan fage. Abu Zarri fa, wanda aka yi wa shaida da gaskiyar harshe. Khalid bin Walid (RA) kuwa bai daɗe da musulunta ba aka riƙa ba shi runduna, ga waɗanda suka riga shi da shekaru suna bayansa. Da aka tambayi Imamu Ahmad game da jagoran yaƙi, tsakanin mai ƙarfi da ke da laifuffuka a karan kansa da salihi mai rauni, sai ya zaɓi mai ƙarfin, da hujjar cewa laifinsa kansa yake ci, ƙarfinsa kuwa jama'a ke amfana, shi kuma salihin kirkinsa nasa ne, rauninsa kuwa jama'a ke ɗauka.

Zuwa nan sai ka ce masu son baƙo sun ci gardama. A'a. Dakata.

Masu cewa ɗan gida suna da wata magana mai nauyi, sai dai sau da yawa ba su iya fito da ita ba, sai su ɓuge da zagi. Maganar ita ce mudu biyu ake aunawa da shi. Rohr ya yi sama da shekara biyar, daga 2016 zuwa 2021. Finidi wasan gasa biyu kacal ya ja bayan an tabbatar masa da aikin. Marigayi Shuaibu Amodu sau biyu yana kai Najeriya gasar kofin duniya, ta 2002 da ta 2010, sau biyun kuma ana cire shi kafin a tafi. A 2010 aka ɗauko Lars Lagerback ɗan Suwidin ya tafi da tawagar, ya dawo da maki ɗaya. Keshi ma haka Togo ta yi masa: ya kai su gasar 2006, suka ba Bajamushe ya tafi da su. Wanda ya yi noma daban, wanda ya ci girbi daban.

Wannan zalunci ne, kuma ba sai an yi dogon bincike ba. Allah Ya saukar da sura guda da ta buɗe da narkon azaba ga masu tauye mudu, waɗanda ke cika shi in su za su karɓa, su rage in su za su bayar. Malamai sun ce tauyewar ba ta tsaya ga gero da dawa ba, tana shiga duk inda mutum ke auna haƙƙin wani. Idan ka ba wani shekara biyar ya gyara kuskurensa, ka ba wani mako biyu, sannan ka fito ka ce ga shi an gwada su duka, ɗaya ya fi, wallahi ba ka gwada komai ba. Kuma wanda ba a taɓa bari ya yi kuskure ya tashi ba, yaushe zai zama mai ƙarfin da ake nema?

Saboda haka ni a ganina kowane gida ya riƙe rabin gaskiya ya haɗa da son rai. Mai cewa ɗan gida yana da gaskiya idan abin da yake nema shi ne a auna kowa da mudu ɗaya. Ba shi da gaskiya idan yana ganin aikin gado ne. Mai cewa baƙo yana da gaskiya idan ƙwarewa yake nema, amma ya ɓata idan ya ɗauka duk wanda ya sauko daga jirgi ƙwararre ne. Wannan na biyun ciwo ne da ya daɗe a jikinmu, raina abin gida, har a ilmin addini. Ni da na yi karatu a jami'a da Larabci ina ganin yadda ake miƙe wa mai digiri tsaye, a bar dattijon zaure da ya shekara arba'in yana karantar da Risala da Muhtasar a zaune a ƙasa.

Kada kuma a fahimce ni cewa kasancewar mutum naka aibi ne. A cikin Suratul Ƙasas ɗin dai, aya ta 34, Annabi Musa ya roƙi a haɗa shi da Haruna (AS) a matsayin mataimaki. Ɗan uwansa ne na jini. Amma dubi dalilin da ya gabatar: ya fi shi fasahar harshe. Ya san inda yake da giɓi, ya nemi wanda zai cike shi. A Amurka, a irin tasu ƙwallon da jami'o'i ke yi, babban koci yakan ɗauki mataimaki na musamman wanda aikinsa kawai tsara kai hari, wani kuma tsara tsaro, kuma magoya baya kan kwashe makonni suna musu a kan wa za a ɗauko. Hikimar tsarin ita ce shugaba ya yarda bai iya komai ba. Mu kuwa sau da yawa shugaba mataimakin da ba zai taɓa rufe shi ba yake nema. Liman ya zaɓi na'ibin da bai kai shi karatu ba don kada jama'a su kwatanta. Wannan ba Sunnar Musa ba ce.

Akwai wani ɓangaren da ya shafe mu mu Zamfarawa kai tsaye. Alhaji Ibrahim Musa Gusau, wanda ya zama shugaban NFF a Satumban 2022, ɗan jiharmu ne. Sai ka ga yaro a Facebook yana kare duk abin da hukumar ta yi, ba don ya fahimta ba, don "namu ne". A can wani gefen ƙasar kuma wasu na sukar duk abin da ta yi don shugabanta ɗan Arewa ne. Cuta ɗaya ce ta sa riga biyu. Sanar da sunan koci ga duniya kafin a gama ƙulla yarjejeniya, kamar yadda ya faru a kan Labbadia, kuskuren aiki ne, kuma faɗin haka ba cin amanar Zamfara ba ne. Haka nan idan an yi daidai, yabawa ba ɓangaranci ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, ya lissafa fifita wata ƙabila a kan wata cikin abubuwan da ke saurin rushe mulki, a littafinsa Bayanu Wujubil Hijra. Masu cewa "ɗan Mali" da raini kuwa, su tuna Mali ta taɓa ba Keshinmu ragamar tawagarta. Su kuma tuna a watan Maris na 2024 Mali ta ci mu 2 da nema a wasan sada zumunta a Maroko, Chelle ne a bencinsu.

Yanzu ga harshen mai kallo.

Jama'a na da haƙƙin magana. Tawagar ta ƙasa ce, sunan kowa take ɗauke da shi. Ko a zamanin sahabbai mutane sun yi ƙorafi da aka ɗora Usama bin Zaid (RA), matashi, a kan rundunar da ke da manya. Ƙorafi a kan naɗi ba yau aka fara ba. Amma akwai iyaka tsakanin sukar aiki da yaga mutunci. "Bai kamata ya sa wane a tsakiya ba", wannan ra'ayi ne, ko ka yi daidai ko ka yi kuskure ba ka ci naman kowa ba. "Kuɗi ya karɓa ya sa shi", wannan tuhuma ce. Ka gani? Kana da shaidu? Idan babu, ƙazafi ka yi, kuma kasancewar mutumin yana Abuja ko Faransa, ko ba Musulmi ba ne, ko ba zai taɓa jin ka ba, bai sa mala'ikan da ke kafaɗarka ya ajiye alƙalami ba. Mun ɗauka mutumin da ke cikin talabijin ba mutum ba ne, hoto ne. Yana da uwa, yana da 'ya'ya da ke karanta abin da ake rubutawa.

Sannan akwai yanke hukunci da sakamako kaɗai. Ƙwallo ta bugi turke ta shiga, koci gwani ne. Ta bugi turke ta fita, jaki ne. Tazarar da ke tsakanin gwani da jakin ba ta kai taƙi ɗaya ba, kuma ba shi ya buga ba. Shari'a ba haka take auna mutum ba: alƙalin da ya cancanta ya yi iya ƙoƙarinsa ya kuskure, hadisi ya tabbatar masa da lada ɗaya. Malaman sira sun kawo cewa da rundunar Mu'uta ta dawo Madina a shekara ta 8 bayan hijira, bayan Khalid ya janye ta da dabara daga gaban Rumawa masu ninkin yawanta, wasu mutanen gari sun tare su suna watsa musu ƙasa suna kiransu magudana. Manzon Allah (SAW) ne ya gyara musu fahimta. Waɗanda suka zauna a gida sun ga an dawo babu nasara, ba su ga abin da aka tsallake ba. Duk lokacin da na karanta wannan wuri sai gidan kallo ya faɗo mini a rai.

Amma bari in yabi matasan nan ta wata fuska, don sun cancanci yabo. Yaron da ke gardama a kan Chelle ya san ƙungiyoyin da ya riƙe, ya san ya kai Mali zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Afirka da aka yi a 2024, ya san tsarin da yake so. Bincike yake yi kafin ya yarda da mutum. To me ya sa wannan binciken ba ya bin sa zuwa taron kwamitin masallaci?

Ga abin da na lura. Manomin rani a fadamun Bakalori idan injin ban-ruwansa ya lalace ana tsakiyar zafi, shinkafa na neman ƙonewa, ba ya tambayar ko makanikin ɗan gidan wane ne. Bayarabe ne, Ibo ne, ɗan Nijar ne, shi dai injin ya tashi. Ita kanta madatsar, kamfanin Italiya ne ya gina ta aka gama a 1978. Wanda zai kai matarsa asibiti haihuwa ta zo da gardama ba ya neman likitan unguwarsu, gwani yake nema. Idan asarar a aljihuna za ta faɗa, ni da kaina na san ƙarfi da amana ba tare da wani malami ya karanta mini aya ba. Idan kuwa asarar ta jama'a ce, ta rarrabu a kan mutum dubu, sai in ce a ba namu. Shugaban islamiyya, ma'ajin masallaci, shugaban ƙungiyar manoma masu rabon ruwa da taki, wanda za a damƙa wa kuɗin da unguwa ta tara don tsaron kanta a wannan hali da muke ciki: nan ne za ka ji "ai gidansu aka saba", "ai ubansa ya ba da filin", "ai ba ɗan garin ga ba ne".

Ƙwallo ta sha bamban ne saboda tana da allon ci. Minti casa'in, kowa ya ga abin da zaɓen ya haifar. Makaranta ba ta da allo. Idan ka ɗora wanda bai iya ba, sai bayan shekara goma za ka ga yara sun sauke ba su iya fatiha daidai ba, lokacin kuwa babu mai tuna ranar da aka yi naɗin, balle wanda ya ɗaga hannu. Shi ya sa muke tsanantawa a inda asarar wasa ce, mu sassauta a inda asarar 'ya'yanmu ce.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin ɗanɗanon "namu ne". Bakura ta fitar da gwamna, Talata Mafara ta fitar, Maradun ta fitar. Ba zan auna kowa a nan ba, ba wurinsa ba ne, kowannensu yana da masoya da masu suka. Tambayata ga mai zaɓe ce, ba ga wanda aka zaɓa ba: ranar da ka dangwala, tambayoyi nawa ka yi wa kanka, in an kwatanta da waɗanda ka yi a kan kocin Super Eagles?

Chelle dai ya karɓi tawaga mai maki 3 daga wasa 4 a neman zuwa kofin duniya na 2026. A watan Maris na 2025 ya je Kigali ya kara da Ruwanda, sannan Zimbabuwe ta zo Uyo, duka biyun cikin azumi. Wasa biyu ke nan, daidai adadin da aka ba Finidi. Masu cewa an zalunci Finidi da gaggawa, zan so in ga ko za su ba wannan baƙon haƙurin da suka nema wa nasu. Masu cewa Finidi ya gaza tun wasa biyu, zan so in ga ko za su faɗi haka a kan Chelle idan ya tashi da irin sakamakon.

Wallahu a'alam.